Gina Manhajar Binciken Kuɗin Aika Wasiƙa na Zamanin Da

Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani aiki da yake haɗa masanin tarihi da mai rubuta manhajar kwamfuta wuri ɗaya, wato gina kafa a intanet wadda mutum zai shigar mata da ranar da aka aika wasiƙa, da garin da ta tashi, da inda ta nufa, da nauyinta, ita kuma ta faɗa masa abin da gidan waya ya kamata ya karɓa a kanta a wannan rana. Masu buƙatar irin wannan kafa suna da yawa: akwai masu tara kan sarki da tsofaffin ambulan, waɗanda suke son tabbatar da cewa abin da ke hannunsu na gaske ne, akwai ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi da suke fama da wasiƙun da ba a rubuta musu shekara ba, akwai kuma masu nazarin tarihin tattalin arziki, da suke son sanin ko talakan wani zamani yana iya biyan kuɗin rubuta wa ɗan'uwansa da ke nesa. An ɗauki yawancin misalai daga gidan wayar Birtaniya saboda cikar takardunsa, sannan aka ƙara da na Jamus da na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa.

Abin da laccar take son tabbatarwa shi ne cewa kuɗin aika wasiƙa hukunci ne mai sharuɗɗa, kuma manhajar da ta adana adadin kuɗin ta bar sharuɗɗansa da madogararsa za ta riƙa bai wa mutane amsa mai kama da gaskiya alhali kuskure ce. Rubuta manhajar kanta shi ne ɓangare mafi sauƙi a aikin; wahalar tana wajen fahimtar yadda dokar ta kasance a kowane zamani da kuma tsara bayanai ta yadda za su ɗauke ta ba tare da an tauye ta ba.

Abin da kuɗin wasiƙa ya ƙunsa

Kafin ƙarshen shekarar 1839, gidan wayar Birtaniya yana yanka kuɗin wasiƙa ne bisa abubuwa biyu, nisan tafiya da yawan fallayen takarda, kuma galibi wanda aka aika wa ne yake biya idan ta iso hannunsa. A jadawalin da aka kafa a 1812, wasiƙa mai falle ɗaya da ba ta wuce mil 15 ba kwabo 4 ce, kuɗin kuma yana hawa mataki-mataki gwargwadon nisa. Wasiƙa daga Landan zuwa Edinburgh kwabo 13 ce, wato sule ɗaya da kwabo ɗaya, sannan tun daga 1813 aka ɗora ƙarin ɗari, wato rabin kwabo, a kan wasiƙun da keken doki yake ɗauka a hanyoyin Sikotlan. Idan fallaye biyu ne sai asalin kuɗin ya ninka, kuma da yake ambulan ma falle ake lissafa shi, mutane sukan naɗe takardar ne su liƙe bakinta da kakin hatimi, su rubuta adireshi a bayanta.

A 1837 Rowland Hill ya wallafa ƙasidarsa ta neman gyaran tsarin gidan waya, inda ya nuna cewa abin da ake kashewa wajen ɗaukar wasiƙa daga gari zuwa gari kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada shi da abin da ake kashewa wajen lissafi da bin gidaje karɓar kuɗi. Gyaran ya zo a matakai uku cikin wata biyar, kuma duk mai gina manhaja ya kamata ya dube su da kyau. Ranar 5 ga Disamba 1839 aka mayar da ma'auni kan nauyi, aka sa kwabo 4 ga wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba. Ranar 10 ga Janairu 1840 kuɗin ya sauka zuwa kwabo ɗaya ga wanda ya biya kafin aikawa, kwabo biyu kuma idan an bar wa mai karɓa ya biya. Ranar 6 ga Mayu 1840 kan sarki na farko a duniya, wanda aka sani da Penny Black, ya fara aiki. Ke nan wasiƙa iri ɗaya daga Landan zuwa Edinburgh ta ci kwabo 13 da ɗari a farkon Disamba, kwabo 4 a ƙarshensa, kwabo ɗaya a tsakiyar Janairu, kuma a wannan lokaci na ƙarshe babu kan sarki a jikinta, sai alamar jan tawada da akawu yake yi don nuna cewa an biya. Yawan wasiƙun da aka aika ya tashi daga kimanin miliyan 76 a 1839 zuwa kimanin miliyan 169 a 1840.

Daga wannan misali ana iya fitar da sharuɗɗan da kowane farashi yake rataye a kansu: rana, wurin tashi, wurin zuwa, nauyi ko yawan fallaye, irin saƙon, hanyar da ya bi, da kuma wanda ya biya. Al'amarin ya yi kama da ilmin rabon gado, inda ba a iya faɗin rabon mutum sai an san su wane ne sauran magada. Wani abin lura kuma shi ne cewa adadin kuɗi yana iya tsayawa wuri ɗaya alhali farashin yana canzawa a ƙarƙashinsa. Kwabo ɗaya ya ci gaba da zama kuɗin wasiƙar cikin gida a Birtaniya daga 1840 har zuwa Yuni 1918, amma nauyin da yake ɗauka ya tashi daga rabin oza zuwa oza ɗaya a 1871, ya kai oza huɗu a 1897, ya sake komawa oza ɗaya a 1915 saboda yaƙi. Jadawalin da ya rubuta “kwabo ɗaya, 1840 zuwa 1918” bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye sauye-sauye uku da mai bincike yake buƙata.

Tsara rumbun bayanai

Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da manhaja take ɗebo amsoshinta, kuma an tsara shi ne layi-layi kamar babban littafin akawu. A wannan aiki kowane layi yana wakiltar hukunci ɗaya, yana ɗauke da ranar da ya fara aiki da ranar da ya daina, da hukumar da ta kafa shi, da rukunin wuraren da ya shafa, da irin saƙon, da iyakar nauyi ta ƙasa da ta sama, da kuɗin, da takardar da aka samo shi. Kuɗaɗen da ake ɗorawa a kan asali, irin su kuɗin rajista da kuɗin jirgin sama da ƙarin ɗarin Sikotlan, ana ba su layukansu daban, domin ba lokaci ɗaya suke canzawa da asalin kuɗin ba, manhajar ce za ta haɗa su a lokacin ba da amsa. Abubuwa huɗu ne suka fi jefa magina cikin kuskure a nan, wato rana da kuɗi da nauyi da wuri.

Game da rana, shekara kaɗai ba ta isa ba, wata ma ba ya isa. Jamus ta 1923 ita ce hujja mafi ƙarfi, domin a lokacin da darajar kuɗinta ta rushe, wasiƙar cikin gida zuwa wani gari ta ci mak miliyan 100 ranar 1 ga Nuwamba, biliyan ɗaya ranar 5, biliyan 10 ranar 12, biliyan 20 ranar 20, biliyan 80 ranar 26, sannan biliyan 100 ranar 1 ga Disamba. Farashi biyar ke nan a wata ɗaya, kuma wanda ya kuskure da kwana guda zai iya kuskurewa da ninki goma. Dole ne kuma a tsayar da ƙa'ida ɗaya a kan ranar iyaka, a san ko ranar ƙarshe da aka rubuta tana cikin tsohon farashi ne ko cikin sabo, sannan a sa kwamfuta ta bincika duk layukan ta fitar da wuraren da hukunci biyu suka hau kan juna da wuraren da aka bar giɓi. Akwai kuma batun kalanda: Rasha ta yi amfani da tsohuwar kalandar Juliyas har zuwa 1918, lokacin da 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu kai tsaye, saboda haka hatimin gidan wayar Rasha na ƙarni na 19 yana bayan na Yammacin Turai da kwana 12, kuma manhajar tana buƙatar sanin da wace kalanda aka ba ta ranar.

Game da kuɗi, tsohon tsarin Birtaniya ba a kan goma-goma yake ba: fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, kwabo kuma yana rabuwa gida biyu da gida huɗu. Hanyar da ta fi tsaro ita ce a adana kowane farashi da mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin, a matsayin cikakkiyar lamba marar ɗigo, sai a mayar da shi sule da kwabo lokacin nuna wa mai tambaya. Ta haka kwabo 13 da ɗari zai zauna a rumbu a matsayin 54, tunda rubu'in kwabo 54 ke nan, kuma tarawa da ninkawa ba za su haifar da ɓurɓushin kuskuren da lambobi masu ɗigo suke haifarwa a kwamfuta ba. Kowane layi kuma sai ya ambaci irin kuɗinsa, domin Birtaniya ta koma tsarin ɗari-ɗari ranar 15 ga Fabrairu 1971, Nijeriya kuma ta bar fam ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, kuma a duka ƙasashen sabon kwabo da tsohon kwabo ba daraja ɗaya gare su ba. Girman lamba ma abin kula ne: gurbin da manhajoji da yawa suke ware wa cikakkiyar lamba ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, wanda yake nufin farashin Jamus na 12 ga Nuwamba 1923 ya riga ya fi ƙarfinsa.

Game da nauyi, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Bern ranar 9 ga Oktoba 1874, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 1875 kuma ta haifar da abin da aka sa wa suna Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a 1878, ta sa santim 25 na kuɗin Faransa a kan kowane giram 15, tare da sassaucin cewa ƙasa tana iya tsayawa tsakanin santim 20 da 32. Birtaniya ta mayar da wannan kwabo biyu da ɗari a kan rabin oza, Amurka ta mayar da shi santi 5, Jamus kuma fenik 20. Sai dai rabin oza bai cika giram 15 ba, ya ɗan haura giram 14 ne kawai, don haka wasiƙa mai giram 14 da rabi tana cikin mataki na farko idan daga Balin ta tashi, tana cikin na biyu idan daga Landan ne. Maslaha ita ce a adana kowane hukunci da ma'aunin da aka rubuta shi da shi, a juya nauyin da mai tambaya ya shigar zuwa wannan ma'auni, maimakon a juya hukuncin a datse masa ɓurɓushi.

Game da wuri, sunan ƙasa na yau ba ya faɗin ƙarƙashin wace hukumar gidan waya take jiya. Lokacin da aka fara tsarin kwabo ɗaya tsakanin Birtaniya da ƙasashen daularta ranar 25 ga Disamba 1898, ba dukansu suka shiga a ranar ba, Ostareliya da New Zealand sai daga baya suka bi. A Afirka ta Yamma, Legas ta fara fitar da kan sarkinta a 1874, Arewacin Nijeriya a 1900, Kudancin Nijeriya a 1901, kafin haɗewar 1914 ta mayar da su ƙarƙashin suna ɗaya. Yankin Arewacin Kamaru da Birtaniya take riƙo ya shiga Nijeriya ranar 1 ga Yuni 1961, na Kudu kuma ya shiga Kamaru ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara. Wasiƙa daga Kano zuwa Damagaram a zamanin mulkin mallaka wasiƙar ƙasar waje ce tsakanin daula biyu masu kuɗi daban da ma'auni daban, duk da kusancin garuruwan. Saboda haka ana buƙatar jadawali na biyu wanda yake danganta kowane gari da hukumarsa a kowane zamani, tare da tsofaffin sunayensa da hanyoyin rubuta su, domin wanda ya rubuta Ghana ya nemi farashin 1930 a kai shi ga Gold Coast. Hanya ma tana shiga nan, domin a ƙarni na 19 wasiƙa daga Ingila zuwa Indiya tana da farashi ɗaya idan ta bi ta Southampton, wani daban mafi tsada idan ta ratsa Faransa ta Marseille don ta riga isa.

Madogara da tantancewa

Takardun da ake samo farashi daga gare su ba matsayi ɗaya suke ba. A sama akwai dokoki da umarnin Baitulmali da sanarwar da aka buga a gazet ɗin gwamnati. A ƙarƙashinsu akwai takardun umarni da babban ofishin gidan waya yake aika wa rassansa, da littafin jagora da yake bugawa lokaci-lokaci. Sannan littattafan masana da na ƙungiyoyin masu tara kan sarki, waɗanda suka tattaro daga na farkon. A ƙarshe kuma su kansu tsofaffin ambulan, da suke nuna abin da akawu ya karɓa a zahiri. Gidan tarihin gidan waya da ke Landan da takwaransa na Smithsonian da ke Washington suna riƙe da tarin irin waɗannan takardu, kuma wanda yake son farashin Nijeriya zai nemi gazet da rahotannin shekara na sashen gidan waya da tangaraho a gidajen adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Ibadan da Enugu.

Littafin jagora yana da wani tarko da ya kamata a sani: yana nuna cewa farashi kaza yana aiki a watan da aka buga shi, amma ba lallai ya faɗi ranar da ya fara ba. Idan bugun Janairu ya nuna farashi ɗaya, bugun Yuli ya nuna wani, abin da aka sani kawai shi ne an yi canji a tsakani. Amana ta wajabta a rubuta haka a rumbu, da gurbin da yake bambanta ranar da aka tabbatar da ranar da aka ƙiyasta, maimakon a zaɓi 1 ga Yuli don layi ya cika. Haka kuma idan madogara biyu suka saɓa, a ajiye su duka a bayyana wadda aka rinjayar da dalilin rinjayarwa.

Kwafe jadawali daga tsofaffin shafuka ma yana da nasa haɗari. Manhajojin da suke karanta rubutu daga hoto sukan yi tuntuɓe a kan ƙananan alamomin rabi da rubu'i, su mayar da 2½ zuwa 21 ko 212, ko su zame daga layi su ɗora farashin wata ƙasa a kan maƙwabciyarta a jerin haruffa. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne mutum biyu su shigar da shafi ɗaya kowa daban, kwamfuta ta fitar da inda suka saɓa, na uku ya koma kan hoton shafin ya raba gardama. Bayan haka sai a gwada manhajar da ambulan na gaske waɗanda masana suka riga suka warware lissafinsu, musamman na ranakun iyaka irin 9 da 10 ga Janairu 1840, a kuma maimaita gwajin duk lokacin da aka taɓa rumbun.

Fuskar da mai tambaya yake gani

Amsa mai amfani ita ce wadda ta nuna lissafinta: asalin kuɗi kaza bisa mataki kaza na nauyi, ƙarin rajista kaza, jimla kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, ga kuma takardar da shafinta. Idan kuɗin da ke jikin ambulan bai kai wannan ba, manhajar tana iya ƙara bayanin tara, domin ƙa'idar da ta yaɗu ita ce a karɓi ninkin abin da ya rage daga hannun mai karɓa, kuma ƙasashen ƙungiyar duniya sukan buga harafin T a kan irin wannan wasiƙa. Inda rumbun ba shi da hukunci, manhajar ta faɗi haka a fili, kada ta jawo farashi mafi kusa ta miƙa kamar shi ne.

Tambaya ta baibai, wato a ba da kuɗi a nemi zamani, ita ce ta fi amfanar ma'aikacin adana takardu. Wasiƙar cikin gida ta Birtaniya mai matsakaicin nauyi da ke ɗauke da kwabo biyu da ɗari tana nuni ga tsakanin Mayu 1940 da ƙarshen Satumba 1957, amma adadin nan ya kuma daɗe yana zama kuɗin wasiƙar ƙasar waje daga 1875, don haka amsar da ta dace jerin yiwuwa ce, sai mai bincike ya tace ta da adireshi da hoton sarkin da ke jikin kan sarki. Juya tsohon farashi zuwa kuɗin yau kuwa a yi shi da taka-tsantsan, domin sakamakon yana bambanta sosai gwargwadon ko da farashin kaya aka auna ko da albashi. Gwada kuɗin wasiƙa da ladan yinin lebura na wannan zamani ya fi faɗakarwa. Ya kamata kuma shafin ya zama marar nauyi, mai buɗuwa a wayar hannu ko da intanet yana da rauni, a kuma raba kalmomin fuskar da rumbun domin a iya fitar da ita da Hausa ko Faransanci ko Larabci ba tare da an taɓa lambobin ba.

Kammalawa

Manhaja takan tsufa cikin shekaru kaɗan, kuma kafofin intanet da yawa sun ɓace da mutuwar mai kula da su ko ƙarewar kuɗin hayarsu, alhali farashin 1840 ba zai sake canzawa ba. Wannan ya sa rumbun ya fi fuskar daraja, kuma ya kamata a fitar da shi a sigar jadawali mai sauƙi da kowace kwamfuta take iya buɗewa, a bayyana sharuɗɗan amfani da shi, a ajiye kwafinsa a jami'a ko gidan adana takardu, a kuma riƙe tarihin kowane gyara da sunan madogarar da ta jawo shi. Shawarar da ta dace da mai son fara irin wannan aiki ita ce ya ɗauki hukuma ɗaya da irin saƙo ɗaya da shekaru ƙayyadaddu, misali wasiƙun cikin gida na Arewacin Nijeriya daga 1900 zuwa 1914, ya cika su da ranaku da madogara har su tsaya da ƙafarsu, kafin ya ƙara kati da ƙunshi da wasiƙun ƙetare. Layi ɗari da kowannensu yake komawa ga shafin gazet sun isa masana su dogara da su su kuma ɗora a kai, abin da layi dubu goma marasa madogara ba za su samar ba.